Ruwan da Na Hana Baba Sha a Mahuta

Shekarar korona ce ta mai da ni direban Baba. Kafin nan ko kasuwa ba mu taɓa zuwa tare ba. Shi tsohon soja ne, ni kuma ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a cikin Zuru, kuma duk danginmu an san mu biyun ba ma yin minti goma a wuri ɗaya ba mu yi musu ba. Taurin kanmu iri ɗaya ne, shi ya sa.

Da aka rufe coci da makarantu aka ce tsofaffi su zauna a gida, ni na kulle Baba a gidansa na Rikoto. Yana da ciwon suga, yana da hawan jini, ya haura saba'in da biyar, Mama kuma ta riga mu gidan gaskiya. Na kafa masa dokoki: ba fita, ba gaisawa da hannu, kwanonsa daban, kofinsa daban, gorar ruwansa daban. Na zo da shirin faɗa. Ina! Sai ya miƙe ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Oda oda ce, Likita." Ya san sarai ni ba likita ba ce, tsokana ce kawai.

Ya bi odar kuwa, ita ce ta kusa gamawa da shi. Tsofaffin sojojin da suke hira gindin dogonyaro a ƙofar gidansa sun watse. Wata rana na biyo daga aiki na tarar da shi zaune a tsakar gida, rediyo a kashe a kan cinyarsa, yana kallon katanga. Tuwon rana yana nan a rufe bai taɓa ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai na ga ina tsare shi daga cutar da ban gani ba, wadda nake gani kuma tana cinsa a gabana.

Mijina yana da wata tsohuwar mota da ƙofar fasinja ba ta buɗuwa sai daga waje. Na ce wannan ma ta yi daidai. Na ce wa Baba tunda babu coci, duk Lahadi zan ɗauke shi mu zaga gari, mu leƙa garuruwan kusa, ya sha iska. Sharaɗi: takunkumi a fuska, gora a hannu, ba sauka.

Tsakiyar bazara muka fara. Ban taɓa ganin ƙasarmu haka ba. A firamaren da na yi, awaki ne kwance a baranda. Ƙofar coci da kwaɗo. A tasha motoci sun yi layi, direbobi kwance a kan benci sun rufe fuska da hula. A bakin kasuwa an ajiye wani duro mai famfo don wanke hannu, ya bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Masu tsaron shinge suna leƙo mu, takunkuminsu a haɓa, su ga tsoho su ce mu wuce. Mutane suna nan, gidaje suna nan, amma komai ya yi shiru kamar gidan da ake jinyar mai gida.

Baba ya zama ɗan jagora, sai dai ba ya nuna mini abin da yake akwai. Abin da babu yake nunawa.

"Nan wani maƙeri yake, shi ya ƙera mini garmata ta fari. Ya mutu. Gindin waccan ɗorawa muka yi kokawa da wani ƙato daga Dabai, ya kayar da ni sau biyu. Ya mutu. Can wata tsohuwa ke sayar da ƙosai..."

"Ta mutu," na ƙarasa masa. "Haba Baba! Yawon buɗe ido na kawo ka ko ziyarar maƙabarta?"

"A shekaruna duk ɗaya ne, ɗiyata."

Wata Lahadi ya sa na tsaya a gindin wani dutse. Ya nuna mini sama, inda tsohon ƙauyensu yake kafin mutane su sauko bakin hanya. Ya ce har yanzu akwai kaburburan kakanninmu a can, da tukwanen da ake kifawa a kansu, yawanci sun farfashe. Ni ban ga komai ba sai duwatsu da busasshiyar ciyawa. Sai na ga ya ɗaga hannu a bayan gilashi yana gaisuwa, a hankali, ya juya nan ya juya can, kamar mai bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Wa kake gaisarwa?" Ya ce, "Kwantar da hankalinki. Su ba sa ɗaukar cutar."

Mun je Danko sau biyu. A hanya shanun Fulani suka tare mu, sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, muka tsaya sai da na ƙarshe ya tsallaka. A cikin gari wasu mata suna zaune da ƙoren nono babu mai saye. Baba ya dube su ya dube ni. Na ce ko da wasa. Ya yi tsaki, ya kurɓi ruwan gorarsa, ya ce ko a bariki ba a yi masa irin wannan horo ba. Amma ya koma cin abinci. Ranar Asabar da yamma zai bugo waya ya ce, "Gobe ina muka nufa?" Na ji daɗi ƙwarai, har na fara yabon kaina.

Abu ɗaya ne na lura da shi. Duk lokacin da muka iso mararrabar Dabai, inda hanyar Mahuta ta rabu, sai ya ce in rage gudu. In rage. Ya dubi hanyar, ya daɗe, sannan ya ce, "Wuce."

Na san dalili. Ƙanensa yana Mahuta, uwa ɗaya uba ɗaya, mu muna ce masa Baba Ƙarami, kuma sun fi shekara arba'in ba su yi magana ba. A al'adarmu ta Dakarkari, a zamaninsu, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya yi golmo, wato ya yi wa surukinsa noma damina bayan damina, shi da samarin ƙungiyarsa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Baba yana cikin golmon Mama, saura damina biyu, aka zo ɗaukar soja ya tafi. Ƙanensa ne ya ɗauki garmarsa ya ƙarasa masa. Da gumin Baba Ƙarami aka auro uwata. Baba ya yi alkawari in lokacin golmon ƙanen ya zo zai ɗauki hutu ya rama masa.

Ya ɗauki hutun, ya zo. Ya je gonar cikin kaki da takalmin soja, ya tsaya a bakin gona ya ce musu sannu da aiki, ya zaro sigari ya miƙa wa ƙanensa a gaban dukan samarin. Bai taɓa garma ba. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, a cikin motar nan. Ya ce, "Ina jin kaina a lokacin. Na ga Legas, na ga jirgin ruwa. Na ga kamar na wuce duƙawa."

Daga baya Baba Ƙarami ya koma Mahuta, ya musulunta, ya yi iyali. Mutane suna zaton addini ne ya raba su. Ba shi ba ne. Danginmu rabi coci rabi masallaci, shinkafar Kirsimeti da naman salla duk gida ɗaya suke shiga. Ranar jana'izar Mama Baba Ƙarami ya zo, ya tsaya can baya, aka gama ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Wata Lahadi a mararrabar, maimakon "wuce", sai Baba ya ce, "Ina son in tahi Mahuta kafin wanga abu ya ɗauki ɗayanmu."

Na ce, "To mu je yanzu mana."

"A'a. Yana azumi. Bari sai bayan salla."

Ban tambaye shi me ya haɗa azumi da ziyara ba, kuma da na tambaya da labarin nan ya sauya. A gidanmu manya ba sa ce wa juna yi haƙuri. Wanda aka ɓata wa rai shi ke ɗebo ruwa a ƙwarya, ya sha, ya miƙa wa wanda ya ɓata masa. In ya karɓa ya sha, magana ta mutu, ba a sake tayar da ita. In ya ƙi, ta dawo sabuwa fil. Mai azumi ba zai sha ruwa da rana ba, abin da Baba yake nufi ke nan. Na san al'adar. Ina ƙarama na ga an yi wa ƙannen Mama biyu a tsakar gidanmu. Amma a lokacin kaina cike yake da wani abu daban. Kullum rediyo na faɗin tsofaffin da ake binnewa a manyan birane. A wurin aiki na ga wani dattijo yana kokawa da numfashi, aka wuce da shi babban asibiti, ban sake jin labarinsa ba. Na wanke hannu har fatar ta tsattsage. Duk wanda ya yi tari kusa da ni, sai in ji kamar ya zaro wuƙa.

Bayan salla ruwa ya sauka. Duwatsu suka yi kore, ko'ina ana huɗa. Ranar da za mu tafi na tarar Baba ya yi aski, ya sa kaftaninsa na zuwa coci, yana tsaye a ƙofar gida tun kafin in iso. A hanya bai nuna mini gidan mamaci ko ɗaya ba. Hanyar ta lalace, ina kauce wa ramuka, shi kuwa ya riƙe gorarsa da hannu biyu. Sai da muka hango gari ya ce, "Zai gane ni da wanga ƙyalle a fuska?"

"Zai gane ka. Na yarda ka sauka, amma taku uku tsakaninku. Ba hannu. Ka ji ko?"

"Na ji."

Gidan yana bakin gari. Muka tarar da Baba Ƙarami zaune gindin mangwaro a ƙofar gida, yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Na zagaya na buɗe wa Baba ƙofa. Da tsohon ya ɗago kai sai da na ja baya. Fuskar Baba ce sak, amma ta fi ramewa, kamar an nuna mini yadda Baba zai koma in ya kwanta ciwo.

Baba ya tsaya taku uku daidai. Ya gaishe shi da yarenmu, ya kira shi da sunan da uwarsu take kiransa. Baba Ƙarami ya ajiye fartanyar, ya dafa gwiwa ya tashi, ya shige gida. Na ce a raina shi ke nan, mun sha hanya a banza. Baba bai motsa ba, ya ƙame kamar a fareti.

Can sai ga shi ya fito da ƙwarya a hannu. Bai aiko matarsa ba, bai aiko kowa ba, da kansa ya ɗebo. Yana cikin tahowa sai tari ya sarƙe shi. Ya kau da kai ya yi, busasshe, sau uku ko huɗu, har ruwan ya fantsala a hannunsa. Ya tsaya ya huta. Ya ƙaraso gaban Baba, ya kai ƙwaryar baki ya sha, sannan ya miƙa da hannu biyu.

Baba ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa, ya miƙa hannu.

Ban san lokacin da na isa tsakaninsu ba. Na ji muryata tana cewa, "Baba, a'a!" Na cusa masa gorarsa a hannun da ya miƙa. Na juya ga tsohon, da Hausar asibiti, irin wadda nake yi wa masu jiran kati, na ce, "Baba Ƙarami, ka yi haƙuri, saboda cutar nan ne. Yana da suga. An hana shan ruwa a mazubi ɗaya."

Ko kallona bai yi ba. Yayansa yake kallo. Ya ci gaba da riƙe ƙwaryar a miƙe ta gefen kafaɗata, yana jira. Da Baba ya ture ni a lokacin, wallahi da na kauce. Na sha roƙon Allah a raina cewa ina ma ya ture ni. Amma wata biyu ke nan yana bin odata, ya saba. Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, hannunsa ya tsaya a tsakani da gora a ciki. Bai fi numfashi uku ba.

Baba Ƙarami ya sauke hannu. Ya ce da yarenmu, ba da ƙarfi ba, "Har yanzu a bakin gona kake tsaye, Yaya." Ya juya ya tsiyaye ruwan a gindin mangwaron, a hankali, har ya ƙare. Ya kife ƙwaryar a ƙasa ya shiga gida.

Matarsa ta fito da gudu tana tafa hannu. Ta ce, "Wayyo 'yar nan, me kika yi? Tarin nan fa tun sussukar dawa yake yinsa!" Ta koma ciki, muna jin tana roƙonsa, ta fito ta girgiza kai. Muka zauna a mota fiye da awa guda, ƙofa a buɗe. Bai fito ba. Hadari ya haɗu, na ce mu tafi kafin hanya ta gagara.

A hanya ni ce mai surutu. Na ce ya ji tarin da kunnensa. Na ce in ya kamu wa zai yi jinyarsa, ba ni ba? Na ce mutanen da ba su san ana annoba a duniya ba sai a bar su da ƙwaryarsu. Na ɗaga murya har ina dukan sitiyari, don na san na yi ɓarna, kuma ni in na san na yi ɓarna faɗa nake yi. Da muka iso Dabai sai Baba ya buɗe baki.

"Lahadi mu koma," ya ce. "Zan sha, ko guba ce."

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko, don na farko tsoro ne ya tunkuɗa ni, wannan kuwa da hankalina na yi shi. Na ce, "Ba wannan Lahadin ba. A bari kwana goma sha huɗu. In tarin ba komai ba ne za mu gani. Ni da kaina zan kai ka, in durƙusa in ba shi haƙuri, ni ma in sha."

"Kwana nawa?"

"Sha huɗu."

Ya gyaɗa kai. Lahadin da ta biyo na je ɗaukarsa yawo, ya ce ba ya son ganin ko'ina, zai jira ta gaba.

Ranar Juma'a, kwana goma sha biyu da zuwanmu, ina wurin aiki wajen azahar babban ɗan Baba Ƙarami ya bugo mini waya. Ya ce tsohon ya yi zazzaɓi kwana biyu, ƙirjinsa ya riƙe, da safe Allah ya karɓi abinsa. Har an kai shi. Babu wanda ya gwada shi, babu wanda ya san mene ne.

Na je Rikoto na faɗa wa Baba a tsaye, don na kasa zama. Ya ce, "An binne?" Na ce an binne. Ya ce, "To." Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Baba yana nan da ransa har yau, yana cin tuwonsa, tsofaffin sojojin da suka rage sun dawo gindin dogonyaro. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ko sau ɗaya. Ni ce nake yi wa kaina shari'a. Wata rana in ce korona ce, na ceci ran ubana, duk wata 'ya haka za ta yi. Wata rana in ce tarin sussuka ne da tsufa, na raba mutum da ɗan'uwansa har abada saboda kurɓi ɗaya na ruwan rijiya. Ba zan taɓa sani ba. Abin yana cina, kuma ina jin kunyar matar nan har gobe. In aiki ya bi da ni ta hanyar Mahuta, daga na hango gari nake fara jin tarin nan a kunnena, sau uku ko huɗu.

Sadakar uku ta faɗo ranar Lahadi, ranar da kwana goma sha huɗun da na yanka suka cika cif. Na kai shi kamar yadda na yi alkawari. An shimfiɗa tabarmi gindin mangwaron, maza zaune nesa-nesa da juna, ana addu'a. Da aka ga Baba aka matsa masa wuri. Ni na durƙusa daga gefe, kusa da ƙofar gida.

Matar mamacin ba ta fito ba, amma ta aiko 'yarta da ruwa a ƙwarya, aka ajiye gaban Baba shi kaɗai. Ƙwaryar nan ce, na gane ta. Ya ɗauka da hannu biyu, ya ɗora a cinya, yana kallon ruwan. Ya daɗe haka. Kowa ya zuba masa ido. Na kasa daurewa, na matso da gwiwa na ce, "Sha, Baba. Don Allah ka sha."

Ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

"Da wa?" ya ce.

Ya ajiye ƙwaryar a kan tabarma a hankali don kada ta zube, ya ce in kai shi gida.